Tambaya da Amsa: Kunnen da Aikin Soja Ya Raunana, da Yadda Ake Neman Diyyarsa a Amurka

Wasiƙun wannan fitowa daga 'yan'uwanmu ne da suka sa kaki a Amurka, da iyalansu. Mai takardar zama ta dindindin yana iya shiga sojan ƙasar, shi ya sa ba a rasa Hausawan Najeriya da Nijar da 'yan zangon Ghana a barikokinta. Idan mutum ya ajiye aiki da wata lalura da aikin ya jawo masa, ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wadda kowa ya fi sani da VA, ita ke biyan diyya wata-wata. Ƙugin kunne shi ne na ɗaya cikin lalurorin da take biya, raunin ji ma yana sahun gaba.

Assalamu alaikum. Na yi aiki a rundunar igwa. Yanzu idan muna hira a masallaci bayan sallah sai in ga bakin mutum yana motsi amma rabin maganar ta wuce ni. Na nemi diyya, an yarda aikin soja ne sanadi, amma aka rubuta mini kashi 0. Ina amfanin wannan? — Wani tsohon soja, Bronx

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ci rabin shari'ar, kuma rabin da ya fi wuya. Bari mu nuna maka inda sifirin ya fito.

Mataki biyu ne, kuma mutane kan haɗa su. Na farko, shin raunin ya kai a kira shi nakasa? Dokar ma'aikatar, sashe na 3.385, ta ce ya kai idan ɗaya cikin uku ya tabbata: a cikin muryoyin gwaji na 500, 1000, 2000, 3000 da 4000 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar murya) akwai wadda ba ka ji sai an ɗaga ta zuwa desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 40 ko fiye, ko uku daga cikinsu sun kai desibel 26, ko kuma a gwajin maimaita kalmomi mai suna Maryland CNC ka samu ƙasa da kashi 94. Kai ka haye wannan.

Mataki na biyu shi ne kason kuɗi, kuma nan ba ruwan kowa da tausayi. Awo ne irin na mudu, abin da ya shiga shi ake rubutawa. Ana ɗaukar lambobi huɗu na kowane kunne, wato desibel ɗin da ka fara ji a muryoyin 1000, 2000, 3000 da 4000, a tara a raba huɗu. A haɗa wannan da makin gwajin kalmomi a jadawali na VI na dokar ma'aikatar, sai kunnen ya samu daraja daga I zuwa XI. Sannan a kai darajar kunnuwan biyu jadawali na VII, shi ke fitar da kaso.

Ga misali. A ce kunnen dama ya ba da 25, 35, 55, 65. Jimla 180, a raba huɗu 45. Makin kalmomi 92. Wannan daraja ta I ce. Na hagu ya ba da 30, 45, 70, 75, jimla 220, a raba huɗu 55, makin kalmomi 84: daraja ta II. I da II a jadawali na VII sifiri ne. Mai waɗannan lambobi yana shan wahala sosai a cikin taro, domin ƙarar bindiga tana fara cin siraran muryoyi na sama ne, wajen 4000, inda sautuka irin su "s" da "f" da "sh" suke zaune. Amma lambobin ƙasa masu lafiya suna jawo matsakaicin ƙasa. Ga shi kuma a ɗaki shiru ake gwajin, ba hayaniyar yara ba ta kasuwa. Kafin a taɓa kashi 10 sai kunnuwan sun kai irin III da IV, ko II da V. Kashi 20 yana farawa daga irin V da V, ko IV da VI. Ra'ayinmu, jadawalin yana da rowa, amma kotu ta tabbatar tun 1992, a shari'ar Lendenmann, cewa da shi ake aiki. Don haka doguwar wasiƙar koke kan kason ba ta motsa komai. Sabon gwaji mai sababbin lambobi ne kaɗai ke motsa shi.

Akwai togaciya biyu a sashe na 4.86 da ya kamata ka duba a takardar gwajinka. Idan duk lambobin huɗu sun kai 55 ko fiye, ana duba kunnen a jadawali na VI da na VIa (wanda ba ya duba makin kalmomi), a ba ka wanda ya fi. Idan kuma 1000 bai wuce 30 ba amma 2000 ya kai 70, ana yin haka ɗin sannan a ƙara maka daraja ɗaya.

Amfanin sifirin kuwa: na'urar ƙara ji da batiranta da gyaranta kyauta ne a asibitin ma'aikatar, kuma wanda ya taɓa tambayar farashinta a kasuwa ya san ba ƙaramin abu ba ne. Sannan duk ranar da jin ya ƙara raguwa, ƙari kawai za ka nema da fom 21-526EZ, ba sai ka sake kafa hujjar sanadi ba.

Ni direban manyan motocin soja ne a da, na je Iraƙi. An ƙi buƙatata, wai gwajin da aka yi mini ranar sallama ya nuna ji na lafiya lau, don haka ba aikin soja ba ne. Shi ke nan magana ta ƙare? — Daga Columbus, jihar Ohio

Ba ta ƙare ba. Wannan shi ne dalilin ƙi da aka fi gani, kuma yana da amsa.

Abu uku ake nema: lalura da ke akwai yanzu, abin da ya faru lokacin aiki, da igiyar da ta ɗaure su. Na biyun bai cika wuya ba, domin tun 2010 ma'aikatar tana da jerin sana'o'in soja da aka raba gida uku gwargwadon yiwuwar shan ƙara: babba, matsakaiciya, ƙarama. Lambar sana'arka tana kan takardar sallamarka, DD-214. Igiyar ce ke tsinkewa.

A 1993, a shari'ar Hensley, kotun tsofaffin sojoji ta yanke cewa fita da ji mai kyau ba ya hana a danganta raunin da ya bayyana daga baya da aikin soja. Ta kuma ce lafiyayyen ji daga 0 zuwa desibel 20 yake, abin da ya haura nan akwai rauni ko da bai kai mizanin nakasa ba. Saboda haka rahoton mai gwaji da bai da hujja sai "ya fita lafiya" rahoto ne gurgu.

Ka fara da neman fayil ɗinka da fom 20-10206, ka karanta abin da mai gwajin ya rubuta da kanka. Sannan ka jera gwaje-gwajen lokacin aiki: na shiga yana kan fom DD 2215, na shekara-shekara kan DD 2216. Kada ka tsaya kan kalmar "lafiya", lambobin za ka bi. Idan 4000 na kunnen hagu ya tashi daga 0 ranar shiga zuwa 15 ranar fita, duka biyun cikin iyakar lafiya suke, amma kunnen ya gusa, kuma dole mai gwaji ya faɗi abin da ya gusar da shi. (Mai harbi da dama yawanci kunnen hagu ne ke fara lalacewa, domin shi ke fuskantar bakin bindiga, kai kuma yana kare na dama.)

Masu gwaji da yawa kan jingina da wani rahoto na Cibiyar Likitanci ta Amurka kan ƙara da aikin soja, su ce raunin ji ba ya jinkirin bayyana. Amma rahoton da kansa ya ce ba a yi isasshen bincike mai bin mutane shekara da shekaru ba da zai yanke hukunci. A 2019, a shari'ar McCray, kotu ta ce idan mai ƙara ya ɗago wannan saɓani wajibi ne a amsa shi. Ka sa wakilinka ya ɗago shi.

Abin da ya fi ƙarfi shi ne ra'ayin wani ƙwararren gwajin ji ko likitan kunne na waje, a rubuce. Ya faɗi cewa ya karanta fayil ɗin aikinka. Ya yi maganar aikin da ka yi bayan sallama, ko tuƙin tasi ne ko masana'anta, domin idan ya tsallake ta za a ce bai san tarihinka ba. Ya kammala da cewa yiwuwar aikin soja ne sanadi ta kai kashi 50 ko fiye, ya kuma kawo dalili. Doka ta ce idan hujjoji suka yi kunnen doki, tsohon soja ake ba. "Wataƙila" da "mai yiwuwa" ba sa kai wa nan. Kuma ka roƙe shi tun kafin ya fara ya yi amfani da Maryland CNC, ya rubuta sunan gwajin a takardar. Asibitocin waje galibi wasu jerin kalmomi suke amfani da su, kuma makinsu ba ya shiga jadawalin.

Ƙara da shaidar mutane a fom 21-10210. Ba a son yabo da addu'a a ciki. Abokin aiki ya rubuta inda kuka zauna, kusa da wane janareta kuke kwana, wace rana abu ya fashe kusa da ayarinku. Uwargida ta rubuta shekarar da ta fara lura kana ƙure muryar talabijin ko kana juya kunne ɗaya wajen mai magana.

Wata ƙofa kuma: idan akwai gwajin da ya nuna raunin jijiyar ji ya kai na kashi 10 cikin shekara guda da sallama, doka tana ɗauka aikin ne sanadi ba tare da wani ra'ayin likita ba.

Maigidana ya karɓi takardar ƙi wata bakwai da suka wuce, ya jefa ta a durowa ya ce ya bar su da Allah. Ni ban haƙura ba. Ta ina ake ɗaukaka ƙara? — Wata uwargida, Greensboro

Hajiya, ki ciro takardar yau ki duba kwanan watan da ke samanta. Daga wannan rana ake ƙirga shekara guda, ba daga ranar da ta iso gida ba. Saura muku wata biyar ko ƙasa da haka.

Tun 19 ga Fabrairu 2019 hanyoyi uku ne, kuma zaɓin ya danganta da abin da ya lalace.

Idan hujja ce ta yi ƙaranci, sai ƙarin buƙata da fom 20-0995, tare da shaida sabuwa da ta shafi dalilin ƙin: ra'ayin likita, gwaji, ko takardun aiki da ba a gani ba. Ga mafi yawan masu matsalar kunne wannan muke ba da shawara, domin a nan ma'aikatar tana da nauyin taimakawa wajen tattara takardu, har ta sake kiran gwaji. Ana iya shigar da ita ko bayan shekaru, sai dai wanda ya wuce wa'adin shekara gudan ya yi asarar kuɗin baya, lissafi zai fara ne daga sabuwar ranar.

Idan kuwa hujjar tana cikin fayil amma an karanta ta ba daidai ba, misali an manta da sashe na 4.86 ko an yi kuskuren lissafi, sai a nemi babban jami'i ya sake dubawa da fom 20-0996. Nan ba a karɓar sabuwar takarda ko ɗaya. Mutane kan haɗa da rahoton likita su aika, ba wanda zai duba shi. Ana iya neman ganawa ta waya sau ɗaya don a nuna wa jami'in shafin da kuskuren yake, kuma idan ya ga gwajin farko bai cika ba yana iya mayar da fayil a gyara. Burin ma'aikatar a waɗannan hanyoyi biyu shi ne kwana 125.

Ta uku ita ce hukumar alƙalai da ke Washington, da fom 10182. Ita ma layi uku gare ta: alƙali ya duba abin da ke fayil kawai, ko a ƙara shaida cikin kwana 90 da shigar da fom, ko a zauna gaban alƙali, galibi ta bidiyo, sannan a samu kwana 90 na ƙara shaida. Layin zaman shi ya fi tsawo, ana iya shekaru ana jira. Idan hukumar ta ƙi, kwana 120 ne kacal na zuwa kotun ɗaukaka ƙarar tsofaffin sojoji, ko shekara guda na komawa kan 20-0995 da sabuwar shaida. Muddin ba a bar wa'adi ya kuɓuce tsakanin mataki da mataki ba, ranar farko tana nan, kuma idan aka yi nasara daga ita za a biya.

Ki duba wani sashe a takardar da ya lissafa abubuwan da aka amince da su, kamar "an yarda ya sha ƙara a bakin aiki". Waɗannan sun zauna, ba a sake gardama a kansu sai da hujja bayyananna. Abin da bai shiga jerin ba shi za ku nema wa shaida. Sai dai shi zai sa hannu a fom ɗin, don haka lallashi ya rage gare ki.

An kira ni gwajin C&P, wato gwajin lafiyar da ma'aikatar ke yi kafin ta yanke hukuncin diyya. Turancina na aiki ne, kuma na ji gwajin kalmomin da Turanci ake yi. Ba zai cuce ni ba? — Wani ɗan Agadas, Texas

Tambaya mai kyau, kuma dokar ta san da irinku. Gwajin kalmomi 50 ne na Turanci masu gaɓa ɗaya, ana sako su a kunne kana maimaitawa, kowace kalma maki biyu. Wanda ya tashi da harshen yana cike gurbin abin da bai ji ba da sabo. Wanda ya koya da girma ba shi da wannan gatan, don haka makinsa na iya nuna harshe maimakon kunne.

Sashe na 4.85 ya ce idan mai gwaji ya tabbatar a rubuce cewa gwajin kalmomi bai dace da mutum ba saboda matsalar harshe, a yi amfani da jadawali na VIa, wanda lambobin muryoyi kaɗai yake dubawa. Bambancin na iya zama kuɗi. Mai matsakaici 58 da 64 da makin kalmomi 92 yana samun II da II a jadawali na VI, wato sifiri. A VIa kuwa IV da V ne, kashi 10. Amma ba kullum yake fin alheri ba: mai matsakaici 40 da makin kalmomi ƙasa sosai a VIa daraja ta I zai samu. Kuma ba kai ke zaɓa ba, mai gwajin ne. Naka shi ne ka faɗa masa tun farko cewa Hausa ce harshenka, da shekarun da ka fara Turanci, ka roƙi a rubuta.

Sauran shiri kaɗan ne. Ka nisanci ƙara mai ƙarfi kwana guda kafin ranar. Idan kunnen ya toshe da datti a wanke shi a asibiti tukuna. Ba a gwajin da na'urar ƙara ji a kunne. Danna maɓallin da zarar ka ji sautin, komai ƙanƙantarsa. Kada ka jinkirta don lambobin su yi muni, domin ana gwada sassan gwajin da juna, idan suka saɓa a rubuta sakamakon ba abin dogaro ba ne, ka tashi a tutar babu. Za a tambaye ka yadda raunin ke shafar rayuwarka, kuma tun shari'ar Martinak ta 2007 wajibi ne a rubuta amsar. Kada ka ce "Alhamdu lillahi, da sauƙi" irin ta gaisuwa. Faɗi abin da ke faruwa: ba ka jin rediyon wurin aiki, ba ka jin mota ta bayanka. Idan ranar ba ta yi maka ba ka kira a sauya. Rashin zuwa ba dalili yana sa a yanke hukunci da abin da ke fayil, idan kuma ƙari kake nema a ƙi kai tsaye.

Kunnuwana biyu suna ƙugi dare da rana. Me ya sa aka ba ni kashi 10 maimakon 20?

Haka dokar take. A lamba 6260, wato lambar ƙugin kunne a jerin lalurorin ma'aikatar, kashi 10 ne iyaka, ko kunne ɗaya, ko biyu, ko a tsakiyar kai kake jinsa, kuma kotun tarayya ta tabbatar da hakan a 2006. Ɗaukaka ƙara a kan wannan ɓata lokaci ne. A 2025 kashi 10 dala 175.51 ne a wata, ba haraji, ana kuma daidaita shi da tsadar rayuwa kowane Disamba. Diyyar ƙugi dabam take da ta raunin ji, ana iya samun duka biyun: 10 da 10 a lissafin ma'aikatar 19 ne, a cike shi zuwa 20, wato dala 346.95 a 2025. Idan ƙugin ya jawo wata lalura da likita ya tabbatar, kamar ciwon damuwa, ana neman ta a matsayin reshe, da ra'ayin likita da ya ɗaure su.

Mahaifinmu ya gama aikin sojan ruwa a Amurka ya dawo Kano da zama. Jinsa ya ragu ƙwarai. Yana iya nema daga nan? Wani ya ce zai yi masa komai idan za a ba shi kuɗin wata shida na farko.

Yana iya nema, zama a waje ba ya hana diyya, kuma ba a cewa an makara da buƙatar farko ko bayan shekara 30. Ku fara da fom 21-0966, na bayyana niyya. Yana riƙe wa Baba ranar har shekara guda yayin da kuke tattara takardu, kuma idan aka amince daga ranar za a yi lissafi. Sannan 21-526EZ ta intanet, da kwafin DD-214. Ma'aikatar ce ke shirya gwaji ga mazauna ƙetare, don haka ku tabbata lambar waya da imel da adireshin da ke fayil masu aiki ne. Wasiƙar da ta tafi tsohon gida a Amurka ita ke kashe buƙatun mazauna waje. Idan kun yi gwaji a asibitin koyarwa na nan gida, a rubuta lambobin 1000, 2000, 3000 da 4000 ɗaya bayan ɗaya, domin wasu wuraren kan tsallake 3000, kuma in babu ita ba a iya fitar da matsakaici. Bayan an amince, ku yi masa rajista da shirin kula da lafiya na ƙetare da fom 10-7959f-1, wanda ke biyan kuɗin jinyar lalurar da aka danganta da aiki. Ku riƙa adana rasit da bayanin likita.

Shi kuwa mai neman kuɗin wata shida, ku rabu da shi. Dokar Amurka ba ta yarda a caji tsohon soja kan shigar da buƙatar farko ba, kuma wanda ma'aikatar ta tantance ne kaɗai ke da izinin wakilci. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW da American Legion suna yi kyauta, da fom 21-22 ake naɗa su. Lauya da aka tantance yana iya karɓar lada ne bayan hukuncin farko ya fito, da fom 21-22a da yarjejeniya a rubuce. Kashi 20 na kuɗin baya ko ƙasa da haka shi ake ɗauka daidai, abin da ya haura kashi ɗaya bisa uku ana ɗaukarsa ya wuce kima. Kafin Baba ya sa hannu a komai, ku nemi sunan mutumin a jerin wakilan da aka tantance a shafin ma'aikatar, kuma kada ku ba kowa kalmar sirrin asusunsa.